Mantuwa da Shirin Jarrabawa

Kowace shekara idan jarrabawa ta matso, mukan ga 'yan aji shida suna kwana a kan littafi da tocila, suna maimaita shafi ɗaya har idanu su yi ja. Washegari a zauren jarrabawa sai abin ya gudu. Mu malamai mun san ba lalaci ba ne. Hanyar karatun ce take cutarsu, kuma masana ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano dalili.

A shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna yadda suke ɓacewa. Ya tarar mantuwa ta fi sauri a farko: cikin awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya wajen kashi biyu cikin uku. Amma ya ga in an raba bita a kan kwanaki, abin ya fi zama da a tara ta rana ɗaya. Saboda haka minti talatin yau, talatin jibi, talatin mako mai zuwa, sun fi awa ɗaya da rabi a daren jarrabawa.

Wace irin bita? A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗaliban jami'a a Amurka. Waɗansu sun yi ta maimaita karanta nassi, waɗansu kuwa sun karanta a zama ɗaya, aka karɓe takardar, suka rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan mako ɗaya masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kashi 61. Abin mamaki, masu maimaitawar ne suka fi tabbata cewa za su tuna. Ido ne ya saba da shafin, sai mutum ya zaci ya iya. To, ku rufe littafin, ku ɗauki farar takarda, ku rubuta abin da ya zo, sa'an nan ku buɗe ku ga inda kuka rasa. Tsofaffin takardun tambayoyi na WAEC domin wannan suke, ba domin ajiya a akwati ba.

A cikin zauren kuma, ku raba lokaci kafin ku taɓa biro. In an ba ku awa biyu da tambayoyi huɗu masu maki ɗaya, ku ba karanta tambayoyin minti goma, kowace amsa minti ashirin da biyar, dubawa minti goma. Lokacin tambaya ya cika, ku bar fili ku wuce, ko da ita ce kuka fi so. Mu da muke duba takardu mun sani makin farko na sabuwar tambaya ya fi sauƙin samu da makin ƙarshe na wadda aka riga aka cika shafi biyu a kanta, kuma tambayar da ba a taɓa ba sifiri muke ba ta.