SHAWARAR DATTIJO BA TA JIRAN KAKA

Maigida, wannan takarda dominka aka rubuta ta. Ka karanta, sa'an nan ka karanta wa mutanen gidanka. Magana ce a kan wani ciwon daji da ke ɓuya a cikin ciki, wanda yakan fito da kamar shawara.

Ina ciwon yake zama?

A bayan tumbin mutum akwai wata tsoka mai taushi da ke kwance a gicciye, tsawonta kamar inci 6. Likitoci suna kiranta fankiriyas. Kada ka ɗauke ta saifa, kowace da aikinta. Aikin fankiriyas biyu ne. Tana fid da ruwan da ke narkar da abinci a hanji, tana kuma yin insulin, watau sinadarin da ke daidaita sukari a cikin jini.

Hanyar da ruwan matsarmama ke bi zuwa hanji ta ratsa kan wannan tsoka. In ƙari ya tsiro a wurin sai ya matse hanyar, kamar yadda ƙasa ke toshe magudanar ruwa a lambu. Ruwan sai ya koma cikin jini, ido ya yi rawaya. Dalilin shawarar ke nan.

Alamomin da za ka lura da su

1. Ido da jiki su yi rawaya, sau da yawa ba tare da zazzaɓi ba.
2. Fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari kamar toka.
3. Ƙaiƙayi a jiki duka, alhali ba ƙuraje.
4. Ciwo a saman ciki mai ratsawa zuwa baya, wanda yakan tsananta in an kwanta rigingine.
5. Rama ba dalili, da ƙin abinci.
6. Ciwon sukari ya fito farat ɗaya ga wanda ya haura shekara 50.

Kada hankalinka ya tashi. Yawancin shawara daga ciwon hanta take, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tsakuwar matsarmama. Amma ido ba ya iya rarrabe su, sai an auna jini an ɗauki hoton ciki.

Su wa ya fi kamawa?

Ya fi kama waɗanda suka wuce shekara 60, maza da mata. Mai shan taba ya ninka wanda ba ya sha haɗari wajen sau 2. Ƙiba mai yawa, da shan giya, da daɗaɗɗen ciwon sukari su ma suna ƙara haɗari. Wani lokaci yakan bi jini a dangi. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wurin cin tuwo tare. Saboda haka kada a ware wa majinyaci ƙwarya.

Me ya sa ake gaggawa?

A shekarar 2022 mutum wajen rabin miliyan ne ciwon nan ya kama a duniya. Cikin kowane mutum 10, ɗaya ko biyu kaɗai ke isa wurin likita tun ana iya yanke ƙarin. Aikin kuwa sananne ne, tun 1935 wani likitan Amurka, Allen Whipple, ya bayyana yadda ake yinsa. Amma in ciwon ya bazu zuwa hanta, aikin ba ya yiwuwa.

An taɓa kawo mini wani dattijo manomin auduga, ya yi wata 3 yana shan jiƙo. Na tambayi 'ya'yansa abin da ya tsai da su. Suka ce shawara ba ta son allura, kuma suna jira a sayar da auduga. Ran da suka zo ƙafa ba ta ɗaukarsa. Maganar nan ta allura ba ta da tushe. Jinkiri ne ya ci shi. Ko da ciwo ya yi nisa, likita yana da maganin rage zafi, yana kuma iya buɗe hanyar da ta toshe, ƙaiƙayi ya lafa, mutum ya sami barci.

Aikin ƙaramar hukuma da naka

Tun gyaran 1976, da ƙananan hukumomi suka gaji En'e, lafiya a matakin farko tana cikin ayyukansu, yau kuma suna yi tare da hukumar lafiya matakin farko ta Jihar Katsina. Mu a Daudawa ƙarƙashin Faskari muke. Aikinmu a ƙaramin asibiti shi ne mu duba ka, mu auna sukari, mu rubuta maka takarda zuwa Babban Asibitin Funtuwa. In can an ga alama, sai a tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ka riƙe takardar nan da kyau, ita ce jagorarka. Mutanen Ƙanƙara da Sabuwa su ma su fara da asibitin da ya fi kusa da su.

Alhamis ta uku a watan Nuwamba ita ce ranar faɗakarwa kan wannan ciwo a duniya. Ka roƙi kansilanku da kwamitin lafiya na mazaɓa su sa mai shela ya zaga da alamomin nan 6. Dagatai da masu unguwanni da limamai su maimaita su a kasuwa da masallaci.

Uwargida, ke kike miƙa akushi, ke za ki fara ganin an rage ci, ko riga ta yi wa maigida yawa. Kada ki yi shiru.

Abin tunawa: dattijon da idonsa ya yi rawaya, a kai shi asibiti cikin makon nan, ko da rance ne. Mai shan taba ya bari tun yau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.