Ƙofa Ɗaya, Mai Gadi Ɗaya: Yadda Ake Tsare Ayyukan Hukuma a Intanet

GABATARWA

A zamanin nan ayyukan hukuma da yawa sun tashi daga kan takarda sun koma cikin kwamfuta. Neman fasfo, da biyan haraji, da rajistar kamfani, da biyan albashin ma'aikata, duka ana yin su ne ta manhajojin intanet, watau shafukan da mutum ke buɗewa a waya ko a kwamfuta ya yi aiki a cikinsu. A cikin waɗannan manhajoji akwai sunayen jama'a, da adireshinsu, da lambobin ajiyarsu ta banki. Saboda haka tambayoyi biyu ke gaban kowace ma'aikata. Wane ne wannan da ke neman shiga? In ya shiga kuma, me aka yarda masa ya taɓa? Wannan darasi zai bayyana yadda ake amsa tambayoyin nan biyu daga wuri guda.

ILLAR ƘOFOFI BARKATAI

A ɗauka ma'aikata tana da manhaja goma, kowace da jerin sunayenta da kalmomin sirrinta. Ma'aikaci ɗaya ke nan sai ya riƙe kalmar sirri goma. Da yake ba kowa ke iya haka ba, sai wani ya sa kalma ɗaya a ko'ina, wani kuma ya rubuta nasa a takarda ya manna a gefen tebur. Ranar da ya yi ritaya, ko aka canja masa wurin aiki, wajibi ne a bi manhajojin nan goma a soke sunansa ɗaya bayan ɗaya. In an manta da guda, ƙofa ke nan an bari a buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ya taɓa faruwa a ƙasar Amurka. A watan Mayu na 2021 ɓarayin intanet sun kutsa cikin kwamfutocin kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai man fetur daga jihar Tekzas zuwa gabashin ƙasar. Sun shiga ne ta wani tsohon suna da aka daina aiki da shi amma ba a soke ba, wanda ba abin da ke tsare shi sai kalmar sirri kaɗai. Aka tsayar da bututun kwana da kwanaki, gidajen mai da yawa suka ƙafe, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

KWAMFUTAR TANTANCEWA

Gidan gargajiya, komai yawan ɗakunansa, ta zaure ake shigarsa. Baƙo ya yi sallama, mai gida ya gane ko wane ne, sa'an nan a san inda zai tsaya: wani iyakarsa zaure, wani a kai shi shigifa, wani kuwa har cikin gida. Dabarar da masana suka fito da ita ke nan. Ana keɓe babbar kwamfuta guda, a damƙa mata sunayen ma'aikata duka da matsayin kowa, a ce mata kwamfutar tantancewa. Manhajojin nan goma sai su daina ajiye kalmar sirrin kowa. Duk wanda ya zo musu, sai su tura shi zaure.

Ga yadda aikin ke tafiya:

1. Ma'aikaci ya buɗe manhajar albashi. Manhajar ta ga bai zo da wata shaida ba, sai ta tura shi shafin kwamfutar tantancewa.

2. A can ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa. A kuma nemi shaida ta biyu, kamar lambar wucin gadi da ke fitowa a wayarsa, ko zanen yatsansa.

3. In an gamsu, kwamfutar ta ba da tikiti. A cikinsa akwai sunan mutumin, da matsayinsa, da manhajar da aka yi tikitin dominta, da lokacin da zai daina aiki. Ta buga masa hatimi da wani mabuɗin sirri na lissafi wanda ita kaɗai ke da shi.

4. Manhajar albashi ta duba hatimin. In na gaske ne, ta buɗe masa. Ko harafi ɗaya aka sauya a cikin tikitin, hatimin ya ɓaci.

5. In ya koma manhajar neman hutu, ita ma ta tura shi zaure. Amma da yake an riga an tantance shi, nan take za a ba shi sabon tikiti ba tare da ya sake rubuta kome ba.

TANTANCEWA DABAM, IZINI DABAM

Sanin ko wane ne mutum abu ɗaya ne, ba shi izini kuma wani abu ne. Ana ɗaura izini ne a kan muƙami. Akawu na iya shigar da sunaye cikin jerin albashi, amma ba shi da ikon amincewa a biya. Akanta na da ikon amincewa, amma ba ya iya ƙara suna. Mai binciken kuɗi yana ganin kome, amma ba ya sauya kome. Ka'idar ita ce a ba kowa daidai abin da aikinsa ke bukata, kada a ɗara. Da haka zai yi wuya mutum ɗaya ya cusa sunan ma'aikacin bogi ya kuma biya shi da hannunsa.

Akwai kuma wasu amfani biyu. In mutum ya bar aiki, a wuri guda za a soke sunansa, ƙofofi goma su rufe masa. Sa'an nan kwamfutar tana rubuta duk wanda ya shiga, da lokacin shigarsa, da na'urar da ya shigo da ita. In ɓarna ta auku, akwai sawun da za a bi.

ASALIN DABARAR

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1980 jami'ar MIT ta Amurka ta ƙirƙiro tsarin Kerberos, wanda ke ba da tikiti daga wuri guda. An ɗauko sunan ne daga wani kare mai kai uku da ke gadin ƙofar lahira a tatsuniyar Girkawa. Da intanet ta bunƙasa sai aka tsara ka'idojin da kwamfutoci dabam-dabam za su fahimci tikitin juna: SAML 2.0 a 2005, OAuth 2.0 a 2012, da OpenID Connect a 2014. Wanda ya taɓa shiga wani shafi da sunansa na Google ko na Facebook ya riga ya yi aiki da irin wannan tsari. Akwai manhajojin tantancewa na saye, akwai kuma na kyauta irin su Keycloak, wadda ta fito a 2014 daga kamfanin Red Hat.

WA ZAI TSARE MAI GADI?

Amma fa tara mabuɗai a hannun mai gadi ɗaya yana da nasa haɗari. In kwamfutar tantancewa ta tsaya, ba mai shiga ko'ina. In kuwa aka sace mabuɗin hatiminta, ɓarawo na iya ƙera tikiti da sunan duk wanda ya ga dama. A 2023 wasu masu kutse da suka sami irin wannan mabuɗi na kamfanin Microsoft sun ƙera tikitoci da shi, suka karanta wasiƙun hukumomi da ƙungiyoyi fiye da 20, har da Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka. Saboda haka lalle ne hukuma ta kiyaye waɗannan:

1. A ajiye mabuɗin hatimi cikin na'ura ta musamman wadda ba a iya kwafe shi daga cikinta, a kuma riƙa sauya shi loto-loto.

2. A tanadi kwamfutar tantancewa fiye da ɗaya a wurare dabam, domin in wuta ta ɗauke a nan, waccan ta ci gaba.

3. A taƙaita ran tikiti, domin wanda aka sace ya mutu da wuri.

4. A taƙaita yawan masu kula da kwamfutar, a kuma tilasta musu shaida ta biyu.

5. A riƙa duba jerin sunaye a kai a kai, a cire na waɗanda suka rasu ko suka bar aiki.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya tsare su. In an sami ɓaraka mai iya cutar da masu bayanan, sai ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin awa 72 da saninsa. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 kuma, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara a kan masu kutse cikin kwamfutar da ba su da izinin shiga.

AIKIN KOWANE ƊAN ƘASA

Tsarin nan ba ya tsayuwa sai da taimakon masu aiki da shi. Kalmar sirri ɗaya yanzu ita ce mabuɗin ɗakuna da yawa, saboda haka ta zama doguwa, kada kuma a sa ta a wani shafi dabam. Kafin mutum ya rubuta ta, ya duba adireshin shafin da kyau, domin macuta kan gina zauren jabu mai kama da na gaske. Kada a gaya wa kowa lambar wucin gadi, ko da ya ce daga ofis yake kira. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarta. Lambar NIN da ta BVN, masu alƙaluma 11 kowace, kada a mai da su kalmar sirri, domin suna rubuce a takardu da yawa. Wanda ya yi aiki a kwamfutar haya ko ta ofis, ya tabbata ya fita kafin ya tashi. In kuwa ya yi zaton an ga sirrinsa, ya sauya shi nan da nan, ya kuma sanar da masu kula. Kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin tantancewa da ba da izini?

2. Waɗanne abubuwa ke cikin tikiti, kuma mene ne amfanin hatimi?

3. Don me ake soke sunan wanda ya bar aiki ba tare da jinkiri ba?