Mu San Aikin Cok A Injin Ban Ruwa

'Yan'uwa manoma, injin ban ruwa na ƙungiya dukiyarmu ce duka. In ya ƙi tashi kwana 3 a tsakiyar rani, tumatir da albasa sai su yi yaushi. Sau da yawa ba wata babbar ɓarna ba ce, rashin sanin aikin cok ne.

Mene ne cok? Wani ɗan marfi ne a bakin kafireto, bayan matatar iska. In an rufe shi iska takan ragu, fetur ya yi yawa. Inji mai sanyi yana bukatar haka kafin ya tashi, tun ba da asubar hunturu ba. Da ya tashi sai mu buɗe cok sannu a hankali. Injin da ya riga ya yi zafi ba ya son cok.

Ga abubuwa 4 da za mu lura da su. Kafin mu taɓa kome, mu kashe inji, mu cire hular fulogi.

1. Baƙin hayaƙi. Ko dai an manta cok a rufe, ko ƙura ta toshe matatar iska. Mu buɗe cok, mu tsabtace matata. In an bar shi haka, fetur zai tafi a banza, ya kuma tsinka baƙin mai.

2. Warin fetur, inji kuwa bai tashi ba. Mai ya yi masa yawa. Mu kwance fulogi, mu shanya shi, mu mayar, mu ja igiya cok a buɗe.

3. Inji yana mutuwa da zarar an buɗe cok. Wannan ba laifin cok ba ne. Datti ko ruwa ya tare hanyar mai. A wanke kafireto, a riƙa tace fetur.

4. Ya ƙi tashi da sanyi. Mu cire matata, mu motsa hannun cok, mu duba ko marfin yana rufewa ruf. A injin yankan ciyawa waya ce takan ja marfin. Mu sassauta abin da ya riƙe wayar, mu gyara ta har marfin ya rufe sosai, sa'an nan mu ɗaure.

In mun gwada waɗannan bai yi ba, mu kira makaniki. A taron ƙungiya mai zuwa, mu zaɓi mutum 2 su koyi wannan aiki, su ne za su riƙa ta da injin.