Yadda Ake Neman Diyyar Mota da Kaya Bayan Hatsari a Hanyar Gaya

Duk wanda ke zaune a yankin Yelu ya san hanyar Doso zuwa Gaya ba ta hutawa. Ga manyan motocin dakon kaya, ga na kasuwa da lodin rake ko buhunan shinkafa har sama, ga ƴan kabu-kabu, ga amalanken shanu da ke dawowa daga gona da almuru ba fitila. In tsautsayi ya gitta, Allah ya sa rai ya tsira, sai a shiga rigimar dukiya: wa zai gyara motar, wa zai biya kayan da suka zube?

Da farko dai, a kai wanda ya ji ciwo asibiti. Amma motocin, kada a gusa da su sai jandarmomi sun zo sun auna, sun zana yadda abin ya faru. In cikin garin Gaya ne, aikin ƴan sanda ne. Kafin su iso, ɗauko wayarka ka ɗauki hoton komai: lambar ɗaya motar, sawun birki a kan kwalta, fitilar da ta fashe, buhun da ya yage. Ɗauki hoton takardar inshorar ɗaya direban, ka duba da idonka ko wa'adinta bai ƙare ba. Karɓi sunaye da lambobin waya na mutum biyu ko uku da abin ya faru a gabansu.

A daidai nan ne mutanenmu ke yin asara. Jama'a za su taru, wani dattijo ya ce: "Haba ɗana, ƙaddara ce, a yi haƙuri, direba zai gyara." Direba ya rantse, a yi musafaha, kowa ya kama gabansa. Bayan mako guda ka kira waya, a kashe. Sulhu alheri ne, ba mai musu, kuma maigari ko sarki suna da hurumin sasanta mutane. Sai dai a rubuta shi, da adadin kuɗi da ranar biya da sa hannun shaidu. In ɓarnar babba ce kuwa, ni dai shawarata a bar jandarma ya yi takardarsa, domin kamfanin inshora bai san rantsuwa ba, takarda ya sani.

Sai a gane wanda ake bi bashi. Nijar na cikin ƙasashen da ke aiki da dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa wa yarjejeniyarta hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Inshorar da dokar ta wajabta wa kowace mota, wadda akasarin direbobi ke saya saboda shingen bincike, ba motar mai ita take gyarawa ba. Ɓarnar da ya yi wa wani take biya. Don haka in kai aka buge, kamfanin wanda ya buge ka za ka tunkara. Duk da haka ka sanar da naka kamfanin a rubuce cikin kwana 5 na aiki, ka karɓi shaidar cewa sun karɓa.

In wani ya ji rauni a hatsarin, doka ta ba jami'an da suka yi bincike wata 3 su aika wa kamfanonin rahotonsu. Kada ka naɗe hannu kana jira. Riƙa leƙawa kana tambaya. Ka haɗa takardar mallakar mota, lasisin tuƙi, hotuna, da kiyasin kuɗin gyara daga gareji.

Kada ka bari makanike ya taɓa motar kafin ƙwararren da kamfani zai turo ya gan ta. Shi ne zai ƙiyasta ɓarnar, kuma zai rage wani abu saboda tsufa: tayar da ta sha hanya ba za a biya ta kuɗin sabuwa ba. In lissafinsa bai gamsar da kai ba, kana da damar ɗauko naka ƙwararren. Katangar da aka rushe, rumfar shago, sa ko jakin amalanke, duk ana neman diyyarsu, amma sai an sa su cikin rahoto tun ranar farko. Rasit ɗin sayen kaya yana da amfani ƙwarai, dabba kuma a nemi malamin dabbobi ya rubuta shaida.

Motar da ta shigo daga Kamba ko Malanbil fa? Irin waɗannan kan riƙe katin inshora mai ruwan ƙasa na CEDEAO, tsarin da aka kafa tun 1982. Ɗauki lambar katin da sunan kamfanin kafin direba ya tsallaka iyaka, don in ya tsallaka, nemansa wahala ce.

In mai motar ba shi da inshora, daga aljihunsa zai biya. In ya ƙi, ko kamfani ya yi ta yi maka jeka-ka-dawo, sai kotu a Gaya. Dokar ta ba da shekara 5 daga ranar hatsari a kai ƙara, amma shaidu ba sa jiran shekara 5. Duk takardar da za ka miƙa wa wani ofis, yi kwafinta ka adana a gida tukuna.