Nawa Kwalbar Man Gyaɗa Ta Tsaya Muku?

Jama'ar Kurya Madaro, sana'ar gyaɗa ba baƙuwarku ba ce, balle tun 1929 da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda. To, amma kun san nawa kwalbar mai take tsaya muku?

Ga dabarar akawun masana'anta. Kowane aiki a rubuta kuɗinsa, a ɗora kan na gaba: sayen gyaɗa, ɓara, suya da itacenta, niƙa, matsa. A sa ladan mai aikin, ko da uwargida ce.

Misali, duka ya kama naira 30,000, ƙuli-ƙuli ya mayar da 6,000, saura 24,000. In kwalba 12 aka samu, kowace ta tsaya 2,000. Wanda ya sayar ƙasa da haka, uwar kuɗi yake ci.