Shugabanci Cikin Fargaba: Haɗaɗɗiyar Jiyyar Zuci da Hukumomin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Tsakure

Maƙalar ta ɗora wasu ra'ayoyin haɗaɗɗiyar jiyyar zuci a kan shugabancin makarantu, asibitoci da ofisoshi a arewacin Jihar Zamfara. Hujjarta ita ce al'adar Bahaushe ta riga ta tanadi mafi yawan abin da ra'in yake nema daga shugaba, amma ta bar giɓi a wuri guda: ba ta ce wa zai saurari shugaban ba.

1.0 Gabatarwa

Jiyyar zuci ita ce warkar da damuwa ta hanyar zance da dangantaka, ba da ƙwaya ko allura ba. Ana kiranta haɗaɗɗiya idan ta tattaro dabaru daga mazhabobi daban-daban, ta kuma nufi haɗe sassan mutum da tsoro ko baƙin ciki ya raba, wato tunani, ji, jiki da aiki. Richard Erskine, wanda ya kafa cibiyar wannan fanni a New York a 1976, ya gina hanyar a kan ginshiƙai uku: tambaya cikin girmamawa, daidaita zuciya da halin mai magana, da tsayawa tare da shi. Haɗa hanyoyi ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya shigar da iyalai da masu maganin gargajiya cikin kula da marasa lafiya a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta.

2.0 Hukuma a Matsayin Mai Jin Tsoro

A 1960 Isabel Menzies ta wallafa nazarinta kan ma'aikatan jinya a wani asibitin koyarwa na Landan. Ta gano cewa tsarin aikin kansa garkuwa ne daga fargaba: ana kiran majinyaci da lambar gadonsa, ana gutsuttsura aiki don kada kowa ya shaƙu da kowa, ana tura ƙaramar shawara sama don kada laifi ya faɗa kan mutum ɗaya. Wilfred Bion, a 1961, ya ƙara da cewa ƙungiyar da tsoro ya kama takan bar aikinta ta koma jiran mai ceto, ko neman abokin gaba da za ta yaƙa ko ta guje wa.

Garuruwan uku sun san tsoron da ya fi na asibitin Landan nesa ba kusa ba. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba 2021 an dakatar da kasuwannin mako, an rufe makarantu, an katse layukan waya a faɗin jihar saboda 'yan bindiga. Ga Shinkafi, wadda kasuwarta ta Alhamis ce jijiyar arzikinta, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A Afrilu 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta tuɓe Sarkin Zurmi da na Ɗansadau bisa zargin alaƙa da ɓarayin daji. Hukuncin zargin ba aikin wannan maƙala ba ne. Abin lura shi ne darasin da talaka ya ɗauka, cewa ko rawani bai fi ƙarfin tuhuma ba. Daga nan kalmar "infoma" ta zama makami a bakin kowa. Abokin gaba na ainihi yana daji, ba a iya kai masa, don haka ma'aikata sukan neme shi a cikin junansu. Wannan shi ne abin da Bion ya siffanta. Shugaban makarantar da ya tsananta kan littafin sa hannu alhali malamansa sun kwana ba barci, ko jami'in da ya ƙi yanke ƙaramar shawara sai an ji daga Gusau, ba lallai mugu ko malalaci ba ne. Sau da yawa takarda ce kaɗai abin da ya rage a ƙarƙashin ikonsa.

3.0 Gaisuwa da Iyakarta

Ginshiƙin tambaya ya yi kama da gaisuwar Hausa har a zaci abu ɗaya ne. Cikin buƙatu takwas na dangantaka da Erskine da abokan aikinsa suka zayyana a 1999 akwai buƙatar wani ya fara neman mutum ba tare da ya roƙa ba, kuma jaje, dubiya da ta'aziyya duk a kan wannan aka gina su. Shugaban da ya taka har gidan masinjansa da aka sace wa ɗa ya yi aikin da takardar umarni ba za ta yi ba.

Sai dai gaisuwa tambaya ce mai shiryayyar amsa. "Ina gajiya?" amsarta "Ba gajiya." Mai jinya ko yana shure-shure zai ce "da sauƙi." Kunya da haƙuri, waɗanda Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a laccarsa da aka buga a 1974, su ne ke rufe ƙofar da gaisuwa ta buɗe. Saboda haka shugaban da ya tara ma'aikata a ɗakin taro ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, kamar yadda littattafan gudanarwa na Amurka ke koyarwa, shiru zai girba, ko addu'a. Bahaushe ya ajiye maganar ciki a wasu wurare: lokacin rakiya, bayan an fita daga zaure, ta bakin amini, ko cikin raha tsakanin abokan wasa. Karin maganar da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska ya nuna al'adar ta fi dogara ga ginshiƙi na biyu, wato lura, fiye da na farko. Duk horon da zai yi amfani a Babbar Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ko a sakatariyar ƙaramar hukuma dole ya fara daga nan.

4.0 Juji da Mai Kwashe Shi

Hausawa na cewa babba juji ne. Bion ma ya ɗauki aikin mai jiyya a matsayin karɓar fargabar wani, a riƙe ta, a mayar masa da ita cikin sigar da zai iya ɗauka. Amma sana'ar jiyya ta wajabta wa mai jiyya samun ƙwararren da zai riƙa kai masa nauyin da ya kwaso. A fada, waziri da 'yan majalisa kan yi wani abu mai kama da haka. Shugabar ma'aikatan jinya a Zurmi ko hedimasta a ƙauyen Shinkafi ba su da waziri, kuma jarumta ta hana su nuna rauni ga na ƙasa. Nauyin da ba a sauke ba yakan fito a matsayin tsawa, rashin zuwa aiki, ko neman sauyin wuri. Ƙaramin zaman takwarori, inda shugabanni masu matsayi ɗaya daga garuruwa daban-daban za su riƙa haɗuwa, ya fi dacewa da kunya, domin takwara ba ya zubar da girma.

Akwai iyaka biyu. Ta farko, shugaba ba likita ba ne. Wanda firgici ya hana shi barci watanni yana buƙatar ƙwararru irin na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta tanadi kare sirrinsa. Ta biyu ta fi haɗari. Ma'aikacin da ya bayyana cewa ya kai kuɗin fansa daji, ko ya biya harajin noma don a bar shi ya girbe gero, ya faɗi maganar da za a iya juya ta ta zama shaidar infoma. Zaman irin wannan bai kamata ya kasance da magatakarda ba, kuma bai kamata wanda ke rubuta rahoton ƙarin girma ya jagorance shi ba.