Kafin Ka Sa a Huda Bonet Ɗin Motarka

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 da rana tsaka, akwai aikin da ake yawan kawo mana gareji wanda ba haɗari ne ya jawo shi ba. Mota lafiya lau, ko ƙwarzane babu a jikinta, sai mai ita ya ce a yanka mashi bonet. Wani tagogi yake so a jera hagu da dama, wani kuma hanci yake so a ɗora a tsakiya irin wanda ya gani a TikTok ko a finafinan tseren motoci. Sana'ata gyaran jikin mota ce, bugu da walda da fenti, kuma yankan ƙarfe ba ya ba ni wahala, kuɗi ma zai kawo mani. Duk da haka, yawancin masu zuwa da wannan buƙata shawara nake ba su su haƙura.

Masu zuwan iri biyu ne. Akwai samari masu son ado, da Honda ko Corolla, a je biki a ga tasu ta fita daban. Akwai kuma direbobin haya, masu Golf da Sharan da ke bin hanyar Jibiya da Daura da Kano, waɗanda allurar zafi ke hawa masu da zarar sun yi lodi sun miƙi hanya. Waɗannan su suka fi ba ni tausayi, domin a motar abincinsu yake, kuma wani ne ya ce masu inji numfashi yake nema.

Ba iskar da ke shafar jikin inji ce ke sanyaya shi ba. Ruwa ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona zafi yake zama wanda ruwa ke kwashewa ya kai lagireto, a can ne iska ke karɓarsa. To iskar nan sai ta ratsa lagireton daga gaba zuwa baya kafin ta yi amfani, kuma ba ta ratsawa sai matsinta a gaba ya fi na baya ƙarfi. Kamar zaure ne mai ƙofa biyu: in ta ciki a toshe take, ko ka wangale ta waje iska ba za ta ratsa ba. A mota, gaban shi ne ragar da ke tsakanin fitilu, mafitar kuma ƙarƙashin inji ce da gefen tayoyi. Haka masu ƙera ta suka auna suka tsara.

A saman bonet kuwa, iska ba hali ɗaya take da shi ba. Can gaba, daidai inda ƙarfen ya lanƙwaso daga hancin mota, iska tana wucewa da gudu, matsinta ya yi ƙasa, sai wurin ya zama mai zuƙa. Kafar da aka buɗe a nan, bayan lagireto kaɗan, tana iya jawo iska mai zafi waje, kuma wannan yana taimakawa. Can baya, gindin gilashin gaba, iska karo take yi da gilas ta taru, matsinta ya hau. Kafar da aka buɗe a nan, in mota na gudu, ciki take tura iska, ba waje ba. Kamfanin Chevrolet na Amurka ya yi amfani da wannan a motarsa Chevelle ta 1970, ya juya bakin hancin baya yana kallon gilas don inji ya shaƙi iska daga nan. Shi ya sa ma yawancin motoci daga gindin gilas suke ɗibar iskar da fanka da na'urar sanyi ke hura wa mutanen ciki.

Yanzu ka duba abin da ake yi a gari. A yanka tsakiyar bonet, a ɗora hanci mai kallon gaba, ƙarƙashinsa babu bututu babu komai. A cikin gari, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, ba za ka ga bambanci ba, don fanka ce ke aiki. Amma ka hau hanyar Kano ka kai gudun kilomita 100, hancin nan zai riƙa cusa iska bayan lagireto, ɗakin inji ya cika, wadda ya kamata ta ratso ta gaba ta rasa wurin shiga. Ka biya kuɗi an ƙara maka ciwon da ka zo magancewa.

Ɗayar dabarar ta fi wannan muni. A kwance ƙusoshin bayan bonet, a cusa wasa biyu ko uku, bayan ya ɗago, wani ma har a cire robar da ke like a wurin. In mota na tsaye zafi na fita, gaskiya ne, da hannu ma za ka ji. In tana gudu kuma iska ciki take komawa. Sannan duk tururin mai da hayaƙin da ke ɗakin inji yanzu ya sami hanya zuwa inda ake ɗibar iskar fasinja. Salansa in tana yoyo daga wuyanta, hayaƙinta na ɗauke da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke sa ciwon kai da gyangyaɗi. Direban da ya rufe gilas ya kunna sanyi, shi da iyalinsa suke shaƙa.

Sau da yawa akan ce mani: "Oga, to ai Hilux da hancinta ta fito daga kamfani." Haka ne. Hilux mai injin dizal lita 3 da aka fara fitarwa wajen 2005 tana da shi, Land Cruiser ta jeji mai injin V8 ta 2007 tana da shi, Subaru Impreza WRX ma tun 1992 da shi aka san ta. Amma ɗaga bonet ɗin ka leƙa. Waɗannan injina masu turbo ne, turbo kuma in ya matse iska zafi take yi, don haka aka ɗora wani ƙaramin lagireto na iska a saman inji. Hancin kai tsaye yake kai iska kansa, da roba kewaye da bakin don kada ta tsere gefe. Mitsubishi Lancer Evolution kuma kafar fitarwa aka yi mata can gaba, inda na ce iska na zuƙa. Kowanne da aikin da yake yi. Corolla ɗinka ko Accord ko Golf 3 mai fetur ba su da abin da hancin zai ciyar.

Motar da ke ɗaukar zafi ba ta da lafiya ne, kuma ciwon yana da suna. Irinta nawa ke yawo a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi namu, da bonet ɗinsu a rufe? Kwanakin baya wani direban Sharan ya zo, dattijo ne, ya ce in buɗe mashi tagogi huɗu. Na ce: "Baba, a bari mu duba gaban tukuna, in ba mu ga komai ba sai in yanka." Muka kwance bamba. Tsakanin lagireto da ragar na'urar sanyi da ke gabansa, ƙura ce da ƙaiƙayi da guntayen leda sun dunƙule sun toshe kusan rabin fuskar. Gidan fanka, robar nan da ke kewaye da ita don ta jawo iska ta cikin lagireto kaɗai, wani mai gyara ya cire ya yar tun tuni. Murfin lagireton kuma robarsa ta tsage. Na tura shi wurin bakanike maƙwabcina, aka wanke, aka nemo gidan fanka na Baljiyam, aka sauya murfi. Bonet ɗinsa ban taɓa shi ba.

Murfin nan da ake rainawa yana da muhimmanci. A kan na motocin Jafan za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato matsin da yake riƙewa. Da shi, ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. In ya lalace, a digiri 100 ko ƙasa da haka zai tafasa, alhali inji lafiyayye a wajen digiri 90 yake aiki, ka ga tazarar ta zama 'yar kaɗan. Sai batun ruwan da muke zubawa. Na rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse da tsatsa a cikin siraran bututun lagireto, a hankali su toshe. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan ba kwalliya ba ne, yana hana tsatsa kuma yana ɗaga ma'aunin tafasa.

Akwai kuma al'adar da ta zama kamar doka: mota na shigowa daga Kwatano, sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi ta ne don ƙasar sanyi. Wannan ɓangaren makanikai ne, ba nawa ba, amma ina ganin sakamakonsa. Da safiyar hunturu inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, ƙwaƙwalwar mota ta yi ta ƙara mai, ga fetur da tsada tun da aka cire tallafi a 2023. A wasu injinan ma tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ba tare da ya shiga lagireto ba. In babu shi, wani ruwan zagaye kawai yake yi da zafinsa. Fankar da ba ta hutawa kuma ba ta daɗewa, ran da ta ƙone a hanya shi ke nan, sai gasket.

Sai yanayinmu. Motocin da ake gani a bidiyo a kan kwalta mai tsabta suke gudu, a gama a mai da su rumfa. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mai laushi, ba inda ba ta shiga. Kafa a saman inji ƙofa ce gare ta, ta zauna kan altaneta da bel da mahaɗan waya. Ruwan Agusta kuma in ya sauko, kai tsaye yake zuba kan kwayil da ramukan fulogi da akwatin fiyus. Mota ta fara tari, mai wayarin ya yi ta nema. Haka a wurin wankin mota, yaro ya saita tiyo cikin tagar ba da mugunta ba. Mafi haɗari shi ne wanda ya cire akwatin iyakilina ya haɗa hancin da maƙogwaron inji don ya ji ƙara. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga silinda da yawa, fistin ya taso ya same shi, sandar fistin ce ke lanƙwashewa, inji ya buga nan take.

Abin da ya shafi hannuna kai tsaye shi ne ƙarfen. Bonet fata biyu ne. Ta sama sirara ce, ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba. Ta ƙasa ita ce ƙashin, kuma an yi mata wuraren rauni da gangan domin in an yi karo ta gaba bonet ya naɗe ya tashi tsakiya, maimakon ya taho a miƙe ya faso gilas zuwa wuyan direba. Mai yanka ƙashin nan da giranda bai san inda zai naɗe ba yanzu, ni ma ban sani ba. Wanda kuma ya sa wutar gas a kan fatar sama, zafi zai murɗe ta, sai a cika da foti a shafe da fenti, bayan damina ɗaya ya tsattsage. Gefen da aka yanka ya rasa rufin da kamfani ya yi mashi, daga nan tsatsa ke kamawa ta bi ƙarƙashin fenti.

Ban ce ado haramun ba ne. Saurayin da ke son motarsa ta yi kyau, akwai tagogi da hancin roba da ake likawa ba tare da an huda komai ba. Ba sa sanyaya komai, ba sa kuma ɓata komai, in dai an wanke wurin sosai an yi amfani da gam mai jure zafi, don na banza rana ɗaya ta Afrilu ta ishe shi sakin jiki, abin ya tashi a hanya ya sami mai babur na baya. Kada kuma tsayinsa ya tare maka ganin gaba, musamman a garin da yara da masu Keke ke fitowa ta ko'ina. Jami'an kiyaye haɗura ko na KASSAROTA in sun tsai da kai kan haka, ba su zalunce ka ba.

Wanda kuma motarsa ta wasa ce ko ya ƙara wa injin ƙarfi har yana buƙatar mafita ta gaske, ya fara da gwaji mai arha. A lika gajerun zaren ulu a jere a kan bonet da salatif, wani ya tuƙa a hanya marar cunkoso, na gefe ya ɗauka da waya. Inda zaren ya kwanta a miƙe yana bin iska, can gaba, nan ne wurin kafa. Inda yake ɗagowa ko yake juyowa gaba kusa da gilas, a bar shi. A zana daga ciki, tsakanin ƙasusuwa, ba a kansu ba. A yanka da zarto ko almakashin ƙarfe, ba da wuta ba, a goge gefen, a shafa maganin tsatsa kafin fenti. Bakin kafar baya zai kalla, da ɗan tudu a gabansa, da raga, da faranti a ƙasa mai kai ruwan sama gefe nesa da waya.

Kuma kada a yanka bonet ɗin da mota ta zo da shi. A nemi na Baljiyam wurin masu kayan gyara, a yi aikin a kansa, na asalin a jingine shi a gida inda ruwa ba ya taɓawa. Dillalin mota in ya ga bonet a huɗe, abu biyu yake kawowa a ransa, ko injin na ɗaukar zafi ko an yi wasa da motar, kuma duk wanda ya zaɓa daga cikin kuɗinka zai cire.